Amsoshin Tambayoyinku: Man kifi ga kyanwa mai ciwon suga

Tambaya: Assalamu alaikum. Kyanwata ta shekara 9 a hannuna. Watan jiya likitan dabbobi ya ce tana da ciwon suga, yanzu safe da yamma ake mata allurar insulin. Gashinta ya lalace, tafiyarta ma ta sauya. An ce man kifi zai taimaka, kuma ina da kwalbar man hantar kifi da nake ba yara. In ba ta? Wallahi abin ya hana ni barci. (Hajiya, Zariya)

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, Allah Ya ba ta lafiya. Kyanwa mai suga tana shekaru lafiya lau idan ana kula da allurarta, wata ma takan daina buƙatar allurar idan an gano ciwon da wuri aka gyara mata abinci.

Amma kwalbar nan ki bar wa yara abinsu. Man hantar kifi daban, man jikin kifi daban. Na hanta cike yake da bitamin A da D, su kuwa taruwa suke a jiki, ba sa bin fitsari su fita. Ga dabbar da ba ta fi kilo 4 ba, A idan ya yi yawa yana sandarar da ƙashin wuya, D kuma ya taɓa ƙoda. Abin da ake nema a man kifi abu biyu ne, EPA da DHA, wato nau'o'in man da ake kira omega-3. Ki juya bayan kwalba ki nemi adadinsu. Wannan 1000mg da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a gaba nauyin man ne gaba ɗaya. A irin kafson da ya fi yawa a kemis, EPA 180 ne, DHA 120. Wanda bai rubuta ko ɗaya ba, ki ajiye masa kayansa. Haka wanda aka yi kamar alawa, don akwai suga ciki, da wanda aka haɗa da tafarnuwa, don tana lalata jinin kyanwa. Omega-3 na man tsirrai kuwa asarar kuɗi ne, jikin kyanwa ba ya iya sarrafa shi yadda ya kamata.

Yawan da za a ba ta, likitan da ya auna ta shi zai yanke. Mai ne fa, yana ƙara ƙiba, ƙiba kuwa na cikin abin da ke jawo sugan. Idan kin fara kika ga amai ko zawo, ki dakata. Batun tafiya kuma, ki duba ƙafafunta na baya. Idan tana shimfiɗa su a ƙasa maimakon ta taka da yatsu, sugan ne ya taɓa jijiya, man kifi ba zai gyara wannan ba. Tun da a Zariya kike, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci min rai, wato inda ake sayo kayan. Man kifi ba ya shiri da zafi, da haske, da iska. A ƙasar da zafi ke haura 40 a watan Afrilu, za ka ga kwalabe jere a kan tire, rana na dukansu tun hantsi har la'asar, kafson sun manne da juna sun zama curi guda. A haka mutum zai saya don an rage masa ɗari biyar! Ga kuma masu tallan WhatsApp da "kayan waje ne, jiya aka sauke". Wa ya shigo da su, a wane sito suka kwana, babu mai tambaya. Mafi muni su ne masu ƙirga kafso goma su ƙulla a leda, babu suna, babu ranar lalacewa. Man da ya ɓaci ba amfaninsa kaɗai ke tafiya ba, cikin dabbar yake ɓatawa, ita kuwa mai suga idan ta ƙi cin abinci bayan an mata allura, an shiga babbar matsala.

Don haka ki je kantin magani mai rajista ko shagon likitan dabbobi. Ki duba lambar NAFDAC, ki shafa wurin ranar lalacewa ki ji ko an liƙa wata takarda a kai. Ki ɗauki ƙaramar kwalba mai duhu wadda za ta ƙare da wuri. A gida ki huda kafso ɗaya da allura ki shinshina: ɗan ƙarnin kifi ba laifi, amma wari mai kaifi irin na tsohon fenti, zubarwa za ki yi.

Tambaya: Insulin ya yi tsada. In daina, in riƙa ba magen man kifi da garin zogale? (Malam, Kano)

A'a Malam. Na san halin da aljihu ke ciki, amma man kifi ba ya sauke suga. Idan ka yanke allura, jininta na iya gurɓata cikin 'yan kwanaki ta mutu. Idan kuɗin abu ɗaya gare ka, ka sayi insulin da sirinji, ka manta da mai. Sauran tuwo da shinkafa da biredi ma su ne ya kamata a janye, a koma nama da kifi dafaffe, amma da sanin likita, don sauya abinci na iya sa sugan ya faɗi ƙasa. Idan ka ga tana layi ko karkarwa, ka shafa mata zuma a dasashi ka ruga asibiti.

Tambaya: Man da ke cikin gwangwanin sadin ba shi ne man kifin ba? (Wani matashi, Kaduna)

Haba! Gwangwanin na hannunka, ka karanta mana. Yawanci man waken soya ne da gishiri aka jiƙa kifin a ciki. Ka zuba a taliyarka, kada ka ba kyanwa.