Kun Tambaya, Mun Amsa: Ina Karantawa, Ina Mantawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ajin farko a jami'a, muna darasin saikoloji, ɓangaren da ke nazarin yadda ƙwaƙwalwa take karɓar bayani da adana shi. Nakan bi littafina sau huɗu ko biyar, amma da an raba takardar jarrabawa sai komai ya ɓace mini. Ina matsalar take? Daga wata ɗaliba, Ƙofar Marusa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Maganin yana cikin darasin da kike yi. Idan ido ya yi ta bin shafi ɗaya, kalmomin sukan zame masa sanannu, sai mutum ya ɗauka ya iya. Alhali gane abu idan an gan shi daban, ciro shi daga ka daban, kuma na biyun ake nema a jarrabawa.

A 2006, masana saikoloji Roediger da Karpicke sun gwada haka da ɗalibai a Amurka. Wasu suka yi ta maimaita karanta nassi, wasu suka karanta a zama ɗaya kawai, suka koma rubuta abin da suka tuna. Bayan minti 5 masu maimaitawa ne a gaba, bayan mako ɗaya kuwa masu gwada kansu suka yi musu fintinkau. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya karatunsa da ka a gaban malam, kuma mahaddaci ba ya barin tilawa.

Saboda haka ki karanta shafi biyu ko uku, ki rufe littafin, ki ɗauki farar takarda ki rubuta duk abin da kika tuna. Sannan ki buɗe ki gyara da jan biro. Za ki ji wuya, kuma a karon farko abin da zai fito kaɗan ne. Kada wannan ya karya miki gwiwa, wahalar ce take dasa karatun.

Sai batun lokaci. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko, daga baya ta lafa. Ki gwada kanki washegari, sai bayan kwana 3, sai bayan mako, sai bayan mako biyu. Minti 20 sau huɗu a rarrabe ya fi kwana zaune daren jarrabawa amfani. Kuma ki daina haddar sunaye da shekaru zalla. Duk binciken da aka koya muku, ki iya faɗin me aka tambaya, me aka sauya, me aka auna, me ya fito.

Tambaya: Malam, an ba mu aikin gwajin Stroop. Yaya zan yi shi da Hausa? Daga wani ɗalibi, Daura.

Amsa: Ɗana, abu ne mai sauƙi. John Ridley Stroop ya wallafa shi a 1935. Ka shirya jeri biyu. Na farko ɗigo 20 masu launi. Na biyu kalmomi 20, wato ja, kore, shuɗi da baƙi, kowace da tawadar da ta saɓa mata, misali "ja" da koren biro. Mutum zai faɗi launin tawada kawai, kai kuma ka auna daƙiƙoƙi da agogon waya, ka ƙirga kurakurai. Jeri na biyu yakan fi cin lokaci, domin wanda ya saba da karatu ba ya iya hana kansa karanta kalma.

Inda ake ɓata aikin shi ne idan kowa ya fara da jeri iri ɗaya, sai sabo ya shiga sakamakon. Rabin mutanenka su fara da ɗigo, rabi da kalmomi. Ka zaɓi waɗanda suka ƙware a karatun boko na Hausa, kuma tun farko ka tabbatar kowa yana bambance ja da kore.