Tambaya da Amsa: Kyautar da ake hana kowa a ƙwallon besbol na Japan

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Samaru. Na ga bidiyon wani ɗan Japan, Yoshinobu Yamamoto, yana jifa a ƙungiyar Dodgers ta Amurka, aka ce ya ci kyautar Sawamura sau uku a jere kafin ya baro gida. Da na bincika sai na ga a 2024 ba a ba kowa kyautar ba. Yaya za a yi a buga wasa shekara guda cur, a ce babu gwani?

AMSA: Ƙanena, barka kadai. Tambayarka ta yi mini daɗi, domin a duk kyaututtukan wasanni da na sani, wannan ce na fi ganin girmanta, kuma dalilin shi ne abin da ya ɗaure maka kai.

Bari mu share fage tukuna. Ƙungiyoyi 12 ne a babbar gasar besbol ta Japan, shida a rukunin Central, shida a rukunin Pacific, tsarin rukuni biyun kuwa an kafa shi tun 1950. Kowace ƙungiya tana buga wasa 143 a kaka. Wasa ɗaya turmi tara ne. Na ari kalmar turmi daga 'yan dambe saboda ita ta fi zama a baki. Mai jifa yana tsaye a tsakiyar fili yana wurga ƙwallo, mai bugu yana jiransa da gora. Idan mai bugu ya kuskure sau uku an kore shi, wani ya shigo.

Kyautar Sawamura ta masu jifa ce, waɗanda ke buɗe wasa. An fara ta a 1947 don tunawa da Eiji Sawamura. A 1934, yana ɗan shekara 17, ya fuskanci tawagar taurarin Amurka da ta zo Japan, ya kori Babe Ruth da Lou Gehrig da gorarsu a hannu, duk da cewa a ƙarshe an ci Japan 1-0. Shi ne ya fara cin kyautar gwarzon ɗan wasa a 1937. Sai yaƙi ya zo, aka ɗebe shi soja, kuma a Disambar 1944 aka nutsar da jirgin ruwan da yake ciki. Shekararsa 27. Har yau ƙungiyar Yomiuri Giants ba ta ba kowa lambarsa, 14.

Tsofaffin masu jifa ne ke zama a kwamitin zaɓe, mutanen da suka san zafin kafaɗa bayan turmi na tara. Ma'aunin da suka daɗe suna dubawa har zuwa 2025 guda bakwai ne: mutum ya yi jifa a wasa 25, ya ci 15, rabon nasararsa ya kai kashi 60 cikin ɗari, ya yi jifa turmi 200, ya kori masu bugu 150, makin da ake ci a hannunsa kada ya wuce 2.50 a kowane turmi tara, sannan ya kammala wasa 10 shi kaɗai daga farko har ƙarshe ba a canza shi ba. Ba dole sai an cika duka ba. Amma idan kwamitin ya duba ya ga babu wanda ya matso kusa yadda zai gamsu, sai ya rufe littafi. An hana kowa kyautar a 1971, 1980, 1984, 2000, 2019 da 2024.

Kai da kake Samaru ka san wannan. Akwai shekarar da sashe guda a jami'a zai yaye ɗalibai babu mai digiri mai daraja ta ɗaya ko mutum guda. Wanda ya fi kowa maki a ajin yana nan, ana taya shi murna, amma ba a ɗaga shi zuwa matakin da bai kai ba. A 2024 Tomoyuki Sugano na Giants ya ci wasa 15, aka ci shi 3 kacal, har aka ba shi gwarzon rukunin Central. Duk da haka kwamitin bai ga ya yi aikin da ya kai na Sawamura ba, musamman wajen yawan turmi da kammala wasa. Shi kansa Sugano ya san bambancin, don a 2018 ya cika sharuɗɗan nan bakwai gaba ɗaya, aka ba shi.

Sai dai ina da ja a wuri ɗaya. Zamani ya sauya. Masu horarwa yanzu suna lissafa kowane jifa, suna cire mutum a turmi na shida ko na bakwai don kada hannunsa ya lalace, a shigo da masu ƙarasawa. Wasa 10 cikakke ya zama abin da ba kasafai ake gani ba. Yamamoton da ka gani bai kai turmi 200 ba a ko ɗaya daga cikin shekarunsa uku, 2021 zuwa 2023, a ƙungiyar Orix Buffaloes. Masahiro Tanaka ma, da ya ci wasa 24 ba a ci shi ko sau ɗaya ba a 2013, wasa takwas ya kammala. Ina goyon bayan sassauta adadin turmi don kare lafiyar yaran nan. Abin da ba na so a taɓa shi ne ikon kwamitin na cewa bana babu.

TAMBAYA: Malam, gardama ce ta kaure a majalisarmu a Tudun Wada. Ni na ce ba a ba ɗan wasa gwarzon shekara sai ƙungiyarsa ta ɗauki kofi, abokina ya ce ƙarya ne. Wa ke da gaskiya a tsarin Japan?

AMSA: Alhaji, ku raba goron, amma abokinka ya ɗauki ɓari mai girma. Babu doka da ta ce sai ƙungiya ta yi nasara. 'Yan jarida masu bin wasan, waɗanda suka yi aƙalla shekara biyar a kai, su ke jefa ƙuri'a. Kowa ya rubuta sunaye uku, na farko maki 5, na biyu 3, na uku 1, kuma kowane rukuni da nasa gwarzon. A al'adance hannunsu yana karkata ga ƙungiyar da ta zo ta ɗaya, nan ne gaskiyarka take.

Amma ga 2013. Wladimir Balentien, mutumin tsibirin Curaçao, ya buga ƙwallo ta tsallake katanga sau 60 a ƙungiyar Yakult Swallows. Kafin shi tarihin yana kan 55, wanda Sadaharu Oh ya kafa tun 1964, wasu baƙi biyu, Tuffy Rhodes da Alex Cabrera, suka kamo shi ba su wuce ba. Yakult ita ce ta ƙarshe a teburi a wannan shekarar, kuma aka ba Balentien gwarzo. Na tuna na kalli bugunsa na 56 a wayar wani mai shagon caji kusa da Ƙofar Doka, mu huɗu mun haɗa kai a kan ɗan ƙaramin gilashi. Ɗaya daga cikinmu bai ma san dokar wasan ba, amma da ya ga jama'ar filin sun miƙe suna ɗaga 'yan ƙananan laimomi, al'adar magoya bayan Yakult kenan, sai ya ce lallai yau an yi abu.

Shi Oh sau tara ya ci wannan kyauta, babu wanda ya kamo shi. Ichiro Suzuki ya ci uku a jere, 1994 zuwa 1996. Akwai kuma zaɓen gwani a kowane gurbi na fili, da safar hannu ta zinare ga masu tsaro, da kyautar sabon shiga. A 2016 aka zaɓi Shohei Ohtani a gurbi biyu lokaci guda, mai jifa da mai bugu. Ana raba yawancinsu a biki guda a Tokyo wajen ƙarshen Nuwamba.

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce a Sabon Gari, ɗana ne ke son sani. Akwai jinin Nijeriya a wannan gasa?

AMSA: Akwai, Hajiya. Louis Okoye, wanda ƙungiyar Rakuten ta ɗauka a zagayen farko na zaɓen matasa a 2015 kafin ya koma Giants, mahaifinsa ɗan Nijeriya ne. Haka Makoto Aduwa, mai jifa a Hiroshima Carp. Dukansu a Japan aka haife su, kuma daga gasar makarantun sakandare suka fito, wadda ita ce babbar ƙofar shiga wasan a can. Ki gaida mini yaron, ki ce ya nemi bidiyon Aduwa ya ga yadda dogon mutum ke sakin ƙwallo daga sama.