Tambaya da Amsa: Littafin dusar ƙanƙara a Gwammaja

Assalamu alaikum Anti. Ɗana yana da shekara 3 da wata 4, amma maganarsa ba ta wuce kalma ɗai-ɗai ba: "Umma", "ruwa", "mota". Sa'anninsa a layinmu har faɗan baki suke yi. Muna kai shi wurin mai koyar da magana sau ɗaya a mako, ita kuma da littattafan hotuna take aiki, wai na lokutan shekara. Wanda ta ba mu mu zo da shi gida duk dusar ƙanƙara ce da wani mutum-mutumi mai hancin karas. Yaron ko kallo bai ishe shi ba. Kakarsa kuma ta ce asarar kuɗi muke yi, linzami ne, a kai shi wurin wanzami. Da gaske littafi yana buɗe bakin yaro?
Wata uwa daga Gwammaja, Kano

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya raya mana shi.

Kin yi daidai da kika tashi tsaye. Yaro ɗan shekara 2 ana sa ran ya fara haɗa kalma biyu, irin "Umma ruwa", ɗan shekara 3 kuma ya riƙa yin gajerun jimloli. Sai dai ba ki ce an gwada jinsa ba. In ba a yi ba, ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro, akwai a Asibitin Malam Aminu Kano. Ruwan kunne da ƙyanda da sanƙarau duk suna rage ji, kuma yaro yana iya juyowa in an buga ƙofa alhali ƙananan sautukan magana suna wuce shi. Ki lallaɓa Hajiya a ajiye zancen aska. Linzami yakan wahalar da jariri wajen kama nono, amma ba shi ke hana yaro sanin kalmomi ko haɗa su ba. Likita ya duba harshen, in akwai abin yi shi zai faɗa.

Littafin kuwa, dabarar malamar tana da kyau, kayan aikin ne ba namu ba. Abin da ya sa muke son littafin da ya dace da lokaci shi ne yaro ya ga abu a takarda da safe, ya fita ƙofar gida da yamma ya ci karo da shi. Kalma ba ta zama a bakin yaro da ji ɗaya, sai ya ji ta sau da yawa, a wurare daban-daban, abin yana gabansa. To a ina ɗanki zai ci karo da dusar ƙanƙara tsakanin Gwammaja da Dutsen Dala? An rubuta littafin ne don yaron Ingila da zai leƙa taga ya gan ta tana sauka.

Wata damina, cikin Agusta, na yi aiki da wata yarinya da ta kusa shekara 4, wadda sai dai ta ja zanen uwarta ta nuna abu da yatsa. Na haɗa mata hotuna 8: hadari, lema, kwaɗo, taɓo, bokiti a ƙarƙashin indararo, mai gasa masara, yara a cikin ruwa, rigar da ta jiƙe. Mako biyu muna juya su, ita dai ido. Ran nan aka kwana ana ruwa, da safe kwaɗo ya faɗo tsakar gidansu, ta ruga ta ɗauko littafin ta buɗe shafin, ta ce "ado". Uwar ta kira ni tana kuka, har na zaci wani abu ne ya faru.

Ke ma irinsa za ki yi. Ki ɗauki hotunan da wayarki, ki kai a wanke, ki manna a kwali ki ɗinke gefe. Kada ki miƙa masa wayar, don yatsa zai sa ya yi ta turawa, hoto bai zauna ba balle kalma. Da hunturu ga hazo, ga rigar sanyi, ga man kaɗanya a ƙafa mai kaushi, ga masu jin ɗumi a bakin wuta. Da bazara mangwaro da randa da mahuci. Da kaka gyaɗa da rake da damin gero. Littafin Sallah ki yi shi daban, domin ita ba ta da lokaci ɗaya, kowace shekara tana matsowa da kusan kwana 11. Ban taɓa ganin yaron Kano da dokin Hawan Daushe bai sa ya buɗe baki ba, ko da "sukutum-sukutum" ne. Shi ma ki karɓa. Irin su "shaa" na ruwa da "fuu" na iska da "mee" na rago sun fi sauƙin fita, kuma su ne matakalar zuwa ga kalmomi.

Inda iyaye suka fi ɓata abin shi ne su mai da shi jarrabawa: "Mene ne wannan? Faɗi mana! Ce lema!" Yaron da magana ke yi wa nauyi, da ya ji haka sai ya ƙara ƙulle baki. Ki zauna a tabarma kuna fuskantar juna, ki bar shi ya buɗe shafin da yake so ko da daga baya ya faro. Ki faɗi abin da yake kallo, sannan ki yi shiru ki ƙirga biyar a zuci. Shirun nan yana da wuya, ni kaina sai da na koya. In ya ce "ruwa", ki ce "ruwa ya zubo". In ya ce "tifi", kada ki ce ba haka ba, ki ce "e, kifi ne babba". Tsamin baki a wannan shekarun ba shi ne damuwarmu ba, kalmomin muke so su yawaita tukuna.

Minti goma bayan la'asar ya isa, kullum, littafi ɗaya har mako biyu ko uku. Ke za ki gaji da shi, shi ba zai gaji ba. Ki yi masa da Hausar da kuke yi a gida, Turancin makaranta da Larabcin Islamiyya ba su ne suka jinkirta shi ba.

Ran da za ku koma, ki tafi wa malamar da naki littafin, ki ce ta zaɓi kalmomin da za ku bi a makon daga ciki. Hajiya kuma ki sa hotonta a shafin farko tana riƙe da lema, ki ba ta aikin buɗe masa ranar da kike da girki.