Fentin hoda a jikin babur: amsoshi kan kuɗi, ƙarko da dacewar kala

Tambayoyi huɗu ne suka zo a kan abu ɗaya, don haka na haɗa su wuri guda.

"Malam, ina da Boxer da ta shekara shida a hannuna. Inji lafiya lau, amma firam da kariya sun fara tsatsa. An ba ni shawarar in kai a yi musu fentin hoda, sai dai kuɗin da aka yanka mini ya fi na mai fentin unguwarmu nesa ba kusa ba. Cuta ce, ko haka abin yake?" Daga Zariya

Ɗan'uwa, ba lalle cuta ba ce, domin aikin ba ɗaya ba ne. Mai fentin unguwa yana dama fenti da tina, ya fesa, ya bar wa rana sauran aiki. Fentin hoda kuwa busasshen gari ne, babu ruwa a cikinsa. Bindigar feshin tana sa masa cajin lantarki, shi kuma ƙarfen an ɗaura masa waya zuwa ƙasa, sai garin ya manne masa kamar yadda ƙura ke manne wa gilashin tsohuwar talabijin. Daga nan a tura ƙarfen cikin tanderu mai zafin digiri 180 zuwa 200, garin ya narke, ya haɗe, ya zama fata guda mai tauri.

Ita hodar ba ita ce mai cin kuɗin ba. Kuɗin yana tafiya ne a gas ko dizal na tanderu, da kuma shirin da ake yi kafin feshi: a kankare tsohon fenti da tsatsa da feshin yashi har ƙarfe ya fito fari, a wanke maiƙo, a toshe duk inda bai kamata hoda ta shiga ba. Akwai kuma kuɗin da mutane ke mantawa da shi, wato na bakanike. Ba a saka babur a tanderu da wayoyinsa da robobinsa da boris. Sai an kwance shi tas, firam ya tsaya tsirara, sannan a sake haɗawa, kuma a wajen haɗawar ne za ka tarar boris ɗin wuya da wasu robobi sun gaji, dole a sayo sababbi. Ka sa wannan a lissafi tun kafin a taɓa noti ɗaya.

Ga yadda nake aunawa. Kariya, da ƙarfen tsayar da babur, da wurin ɗora ƙafa, ka fara tambayar kuɗin sabo a kasuwa. In fentin ya kusa kuɗin sabo, sayi sabo ka huta. Firam ne ba ka da zaɓi a kansa, saboda lambar shasi tana jikinsa, ita ce kuma a takardunka. In ka yi niyyar riƙe babur ɗin wasu shekaru, kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. In kuwa baɗi za ka sayar, ka bari, domin dillali ba zai ƙara maka ko sisi ba saboda firam ya sha tanderu.

Hanyar rage kuɗi: ka kai kayanka duka lokaci guda, ka kuma zaɓi baƙi. Masu wannan aiki galibi masu ƙera ƙofofi ne da tagogi da kabad na ofis, kuma baƙi ne kusan kullum a bindigarsu, kayanka za su shiga tanderu tare da na wasu. Sannan kafin ka ba da kafin alƙalami, ka ce a nuna maka tanderun. Wanda ba shi da tanderun da firam zai shiga, ko me ya kira aikinsa, fentin ruwa zai yi maka.

"Kabu-kabu nake yi, kullum ina cikin rana da ƙura. Da gaske ne fentin hoda ba ya ɓarewa? Kuma zan iya yi wa salansa?" Daga Maraɗi

Yana ɓarewa mana, sai dai ya fi fentin ruwa na gama-gari juriya sosai ga tsakuwa da gogayya, saboda ya fi shi kauri kuma gasasshe ne. Abin da ke kashe shi da wuri abu uku ne, duka kuma daga hannun mai aiki suke.

Na farko shi ne ha'inci wajen shiri. In aka fesa a kan tsatsa ko maiƙo, rana ɗaya tsakuwa za ta fasa wuri kaɗan, ruwan damina ya shiga, tsatsa ta riƙa tafiya ta ƙarƙashi ba ka sani ba, sai ka ga fenti yana ɗagowa falle-falle kamar ɓawon rogo. Tun ran gini ran zane.

Sai gashi. Mintuna 10 zuwa 20 da ake faɗa ana fara ƙirga su ne daga lokacin da shi ƙarfen kansa ya kai zafin, ba daga lokacin da aka rufe ƙofar tanderu ba. Mai tsimin gas zai fito da kaya da wuri, su yi kyau a ido, amma ba su nuna ba. Gwajin mai sauƙi ne: ka ɗiga tina a auduga ka goga a wani lungu da ba a gani. In kala ta biyo audugar ko wurin ya yi danƙo, a mayar tanderu.

Na uku ya fi shafar irinku masu yini a rana, wato nau'in hodar. Akwai ta efoksi, akwai ta foliyesta. Efoksi tana riƙe ƙarfe gam, amma rana tana cin ta, ta dusashe ta riƙa fitar da fari kamar alli, shi ya sa aka fi amfani da ita a kayan cikin gida ko a matsayin shafin farko a ƙarƙashin wani fenti. Babur foliyesta yake so. Ka ce a nuna maka kwalin, a rubuce yake.

Salansa kuwa, a'a. Bututun da ke fitowa daga inji yana wuce zafin da aka gasa fentin da shi, don haka zai ƙone. Nemi fentin da aka yi musamman don zafi.

Wani abu da ba ka tambaya ba, amma ni ya taɓa ci na: na karɓo rim ɗina yana ƙyalli, bakanike ya zo saka boris ya ƙi shiga, ashe ba a toshe mazauninsa ba, hoda ta cike shi. Yini guda muka yi da samfefa. Ka tsaya a kansu su rufe mazaunin boris, da ramukan noti, da inda faifan birki ke zama, da inda wayar batir ke kama firam, in ba haka ba fitila da sitata za su riƙa yi maka wasa. Lambar shasi ma a lura da ita. In hoda ta binne ta, kai da jami'an hanya ne.

"Tankina ja ne. Ina so rim da kariya su zama ja iri ɗaya sak. Mai hodar ya ce sai dai in zaɓa daga cikin katinsa. Rowa ce ko rashin iyawa?" Daga Kano

Gaskiya ya faɗa maka. Mai fentin mota zai iya ɗiga baƙi kaɗan, ya ƙara rawaya, ya yi ta damawa har kala ta zo daidai da tankinka. Hoda ba a dama ta haka. In ka gauraya jar hoda da fara, ba za ka sami kala ta uku ba, kowace ƙwaya za ta narke a inda ta faɗa, ka samu ɗige-ɗige kamar ƙwan zabuwa. A masana'anta ake haɗa kalar, ta zo a kwali mai kilo 20 ko 25, kuma babu mai sayo kwali guda saboda rim biyu.

Katin da ya nuna maka mai yiwuwa na RAL ne, tsarin lambobin kala da aka fara a Jamus a 1927 da kala 40, yanzu sun haura 200. Kowace kala lamba huɗu ce: 9005 baƙi wuluk, 3020 ja mai haske, 3000 ja mai ɗan duhu, 9006 ruwan azurfa. Amfanin lambar shi ne in bayan shekara biyu ka so yi wa wani ƙarfe, sai ka faɗi lamba maimakon ka ce "ja irin na wancan karon". Amma kamfanonin babur ba da wannan kati suke fentin tanki ba, suna da nasu haɗin, sau da yawa da ƙyalƙyali a ciki da kuma man sheƙi a sama. Ƙari a kan haka, jan tankinka na yau ba shi ne wanda ya fito daga kwali ba, rana ta riga ta sha rabonta, kuma ja yana cikin kalolin da suka fi saurin koɗewa.

Ra'ayina shi ne ka bar neman sak. Ja biyu da suka kusa zama ɗaya amma ba su zama ba sun fi muni a ido fiye da kala biyu mabambanta. Yi rim baƙi ko ruwan azurfa, ka bar tanki ya yi ja shi kaɗai. In kuwa ka dage, to juya aikin: fara yin hodar, sannan ka kai wa mai fentin ruwa ɗaya daga cikin kayan da aka gasa, ya haɗa fentin tanki ya bi shi. Kuma kada ka zaɓi kala daga hoton waya ko a cikin shago. A gasa maka ɗan guntun ƙarfe, ka fito da shi rana ka kara da tanki. Ka faɗi sheƙin da kake so ma, domin lamba ɗaya tana zuwa da mai ƙyalli da marar ƙyalli.

"Roba-roba ce da ni, jikinta ya koɗe. Za a iya yi mata?" Daga Gusau

Hajiya, robar ba za ta shiga tanderu ta fito da siffarta ba. A yi mata fentin ruwa, ko ki sayi sabon saitin roba in akwai na samfurinki. Rim ɗinta, in na alminiyam ne, zai karɓi hoda, amma ki ce a fara gasa shi ba komai a jikinsa, domin zubabben alminiyam yana da ƙananan ramuka masu riƙe iska da mai, waɗanda kan huda fenti su bar ƙuraje in aka yi gaggawa. Kada kuma ki yarda a babbake tsohon fentin rim da wuta, a cire shi da magani ko da feshi mai laushi.