Amsa ga ɗan'uwan da ke neman inda zai fara koyon kare kai a Zariya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya, ka ce kana Tudun Wada, wasu yara sun tare ka da daddare za su ƙwace maka waya, shi ya sa kake son fara koyon kare kai amma ka rasa wanne za ka kama tsakanin karate da taekwondo da damben turawa, kuma ba ka da abokin atisaye. Allah Ya kiyaye gaba. Ni na daɗe a harkar nan, da judo na fara daga baya na haɗa da damben turawa, bari in gaya maka abin da na gani da idona.

Kar sunan wasa ya ɗauke maka hankali. Wanda yake kusa da kai, akwai koci na gaskiya, kuma za ka iya zuwa sau uku a sati ba tare da kuɗin Keke ya kayar da kai ba, to shi ne naka. Amma in ra'ayina kake so wallahi judo zan ce, saboda abu na farko da ake koya maka a can shi ne yadda za ka faɗi. Sati da sati kana faɗuwa, haɓa manne da ƙirji, ba ka tokare ƙasa da tafin hannu, har jikinka ya riƙa yi da kansa. Tun da Jigoro Kano ya kafa wasan a Japan a 1882 da haka ake farawa, kuma akwai dalili, don a rigimar titi da na sha gani ba naushin ne ke illata mutum ba, buga ƙeya a kwalta ne. Ko daga kan mashin ka faɗo wannan ilimin zai yi maka rana. Damben turawa kuma shi zai koya maka tazara da tsare fuska da yadda ba za ka rufe ido ba in hannu ya taho. Taekwondo ma wasa ne mai kyau, da shi Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a Olympics na Beijing a 2008, sai dai ka tuna ranar da abu zai same ka ƙila kana cikin kaftani da silifas a bakin kwata, ɗaga ƙafa har kan mutum ba zai yiwu ba.

Na ga wani ya ce maka ka tafi gidan dambe kawai. Ina girmama dambenmu na gargajiya ƙwarai, amma ba wurin ɗan koyo ba ne, can hannu ne naɗe da zare, babu abin kare kai babu na baki, kuma burin kowa ya kai abokin karawarsa ƙasa. Kokawa ce dai in ka samu masu yi a yashi ka shiga, tana da kusanci da judo sosai.

Toh yanzu maganar abokin atisaye, wadda ita ce ainihin matsalar. Bidiyon YouTube ba zai tura ka ba, ba zai riƙe maka wuyan riga ba, buhun yashi kuma ba ya ramawa, duk abin da ba ka gwada shi a jikin mutum mai motsi mai ƙin ba ka haɗin kai ba to ba ka iya shi ba tukuna, ka dai haddace. Shawarata ka shirya wata yamma bayan la'asar ka tafi jami'ar ABU ta Samaru ɓangaren wasanni, ka tambayi inda masu judo ko taekwondo ko karate suke haɗuwa, tunda wasannin nan ana yinsu a gasar jami'o'i ta NUGA. Ka gaida kocin da ladabi, ka gaya masa kai ba ɗalibi ba ne, ka tambaya ko ana karɓar 'yan gari da kuma abin da ake biya. Reshen ABU na Kongo ya fi kusa da kai, can ma ka leƙa, haka kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli. Wuraren ɗaga ƙarfe na Sabon Gari ma ana dacewa da masu damben turawa, haka cikin masu gudun asuba. Ranar farko kar ka sa kaya, zauna ka yi kallo har a tashi. Duba yadda manya ke yi da sabbin zuwa. In ka ga ana haɗa sabon yaro da mai baƙin ɗamara, wato wanda ya kai matakin ƙwarewa, yana jibgarsa ana dariya, tashi ka tafi ko da kyauta ne. Haka wanda zai ce maka cikin wata uku zai ba ka baƙin ɗamara, ƙarya yake, abin shekaru ne. Wanda kuma zai haɗa maka da maganin tauri ko laya shi ma ka bar masa kayansa.

In ka fara zuwa aji, abokin zai fito da kansa. Ba taro kake nema ba, mutum ɗaya ko biyu masu kusan nauyinka, masu cika alkawari, waɗanda ba sa fushi in an taɓa su. Wannan na ƙarshen ya fi komai muhimmanci a wurina. Akwai wanda da ka ɗan same shi a hanci sai idonsa ya juye ya mai da abin faɗa, irin wannan shi ke karya mutane, ko ɗan unguwarku ne kar ka sake tsayawa da shi. Mafi sauƙi ma ka ja wani abokinka ko ƙaninka ku fara tare, ku riƙa tada juna, ranar da kasala ta kama ɗaya ɗayan ya buga masa ƙofa.

In za ku yi ku biyu a gida, ku maimaita abin da koci ya koyar kawai, a hankali, ƙarfi kaɗan. Ba a kan siminti ba, ku nemi yashi ko tsohuwar katifa. Ku yi yarjejeniya duk wanda ya bubbuga hannu a jikin ɗan'uwansa ko a ƙasa an saki nan take, ba tambaya. Shaƙe wuya da murɗe gaɓa kar ku taɓa sai koci na tsaye. Ka sayi robar haƙori da bandejin naɗe hannu kafin ma ka yi tunanin farin kayan da ake sawa a judo, ba su da tsada. Kuma in aka bugi mutum a ka ya ji jiri ko amai ko ya manta abin da ya faru, atisaye ya ƙare, asibiti za a kai shi, kar wani ya ce ya daure ai namiji ne. Lokacin zafi ku koma sassafe, da azumi kuma bayan tarawihi ya fi. 'Yan'uwa mata da ke karanta wannan, ku tambayi koci ko akwai mata a ajin, ana samu, ku haɗa kanku.

Sai abin da ya kawo ka, kuma don Allah ka ji ni da kyau. Masu ƙwacen waya da wuƙa suke yawo kuma ba su zuwa su kaɗai. Babu kocin kirki da zai ce ka tsaya da mai wuƙa, ni ma da shekarun da na yi in an zaro min ita miƙa wayar zan yi. Abin da horon zai ba ka shi ne ka lura da wuri, kar ka daskare, ka iya fizge hannunka ko rigarka, ka tashi da sauri in an kayar da kai, ka samu numfashin gudu zuwa inda mutane suke. Doka ma ta yarda ka kare kanka ne daidai barazanar da ke gabanka, in mutum ya juya ya gudu ka bi shi ka raunata shi, kai za ka kwana a ofishin 'yan sanda. Don haka ka haɗa da gudu sau biyu a sati tun yanzu, wannan ba ya buƙatar kowa.

In ka je Samaru ko Kongo ka dawo ka faɗa mana yadda ka same su, ranakun da suke yi da ko suna da tabarmar faɗuwa, na ga mutum biyu a ƙasan tambayarka sun ce su ma suna so, ƙila ku haɗu ku tafi tare.