Baƙin gyambo a ƙafar mai ciwon suga

Ka ce wani mai ciwon suga ya zo shagon maganinmu da baƙin tabo a ƙwauri, man makero ya ƙi ci, wane za ka sauya masa? Ba ko ɗaya, yaro.

Makero da ƙyasbi ba zan tsaya koya maka ba, clotrimazole safe da yamma sati 2 zuwa 4, mai sharar shago ma ya sani. Wanga daban yake. Abin da nake tsoro shi ne wanda likitoci ke kira mucormycosis. Fangas ne da ke cikin ƙasa da taki da ruɓaɓɓen ganye, yana shiga ta sukar ƙaya, ko gurbin allura, ko filasta mai datti. Mai lafiya jikinsa kan kashe shi. Wanda sugansa ya hau kuwa, sai fangas ɗin ya kutsa jijiyoyin jini ya toshe su, naman wurin ya mutu. Wurin kan fara da ja da tauri, kwana kaɗan tsakiyar ta yi baƙi ƙirin. Fluconazole, maganin fangas ɗin nan, ba ya taɓa shi. Maganinsa amphotericin B ta jijiya, ana lura da ƙoda, da tiyata a yanke mataccen nama. A Indiya a 2021, lokacin korona, ya kama sama da mutum 40,000, yawanci ta hanci da ido.

Akwai wani manomin fadama wanda yaron da ya riga ka aiki a nan ya tambaye shi ko yana da suga, ya rantse ba shi da shi, don kada a tura shi asibiti. Yaron, irinku masu duba waya maimakon duba ciwo, ya ba shi man nan mai haɗi uku, kuma bashi. Sitiroyid ɗin ciki ya kwantar da jan, mutum ya ɗauka sauƙi ne, ciwo na ci ta ƙasa. Da aka yanke ƙafar, danginsa suka bi gari suna cewa maganinmu ne. Bashin har yau ba a biya ba, ƙauyen kaf suka daina sayayya a nan.

Don haka kada ka yarda da bakin kowa, soki yatsa ka gwada suga. Rufe wurin da bandeji mai tsabta, kada a shafa komai, kada wanzami ya taɓa. Tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yau ɗin nan. In yana amai da numfashi sama-sama, kai da kanka za ka tare masa Keke.