Ƙugu ba ya sabawa da buhun fulawa

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ka ce wata biyu ke nan da fara aiki a gidan burodi, duk ranar da kuka sauke fulawa sai ƙugunka ya riƙe, kana tambaya ko ka ci gaba da shan maganin kashe zafi har jiki ya saba. Don Allah kada ka yi haka. Shekara takwas na yi a ɗakin kwaɓi a Kano, kuma abin da na yi ke nan har ya kwantar da ni wata uku.

Buhun kilo 50 ne, amma ba nauyin kaɗai ke illa ba. Ranar da nawa ya same ni, buhu na goma sha ɗaya ne, na ɗago shi daga ƙasa, ƙafafuna a kafe, na murɗa ƙugu zan juye a injin kwaɓi, ga daɓen yana santsi da mai da garin fulawa. Sai na ji wani abu ya tsarga min daga ƙugu har yatsan ƙafa. Likita a Asibitin Ƙashi na Dala ya ce guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya zame ya danne jijiya. A Ingila ma ƙa'idar hukumar lafiyar ma'aikata kilo 25 ce ga namiji, shi ma in kayan na manne da jiki daidai ƙugu. Mu ninki biyu muke saɓawa.

Ku riƙa kamawa ku biyu, ko ku nemi baro. A jera buhunan kan katako mai tudu, ba a ƙasa ba. Ka durƙusa da gwiwa, ka rungumo buhun, in za ka juya ka juya da ƙafa. Maganin nan ɓoye zafin yake yi, ka ƙara ɗaukar abin da ya fi ƙarfinka.

In ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙwace maka, ko ka ga kumburi a mara alamar ƙaba, asibiti a ranar. Kuma ka sanar da maigidanka a rubuce da kwanan wata. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 tana nan ƙarƙashin NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta Najeriya, ni rashin takarda ne ya sa ban samu ko kwabo ba.